Yadda Sabon Ɗan Wasa Zai Tsaya Gaban Kyamara

Mafi yawan waɗanda suke shiga harkar fim a ƙasar Hausa sun faro ne daga wasan daɓe, ko dai a makarantar sakandare, ko a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, ko kuma a wurin bikin saukar karatu na Islamiyya. Ita kanta masana'antar daga can ta tsiro, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da fim ɗin bidiyon da ake ƙirgawa a matsayin na farko a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin ta riƙi kyamara, kuma kafin wannan lokaci jama'a sun riga sun saba da ganin su Kasimu Yero da Samanja a akwatin talabijin. Sai dai wanda ya ƙware a daɓe bai kamata ya ɗauka cewa ya gama koyo ba. A daɓe ɗan wasa yana fara labari daga farkonsa ya bi shi har ƙarshe a zama ɗaya, kuma dole ne ya ɗaga murya ya buɗe hannuwa don na kujerar baya ya ji kuma ya gani. A gaban kyamara kuwa, gunduwa-gunduwa ake ɗaukar labarin, ba bisa jerin da aka rubuta shi ba, ana maimaita fitowa ɗaya sau biyar ko sau goma, kuma na'urar tana iya matsowa har ta cika allo da fuskar mutum kaɗai. Aikin ɗan wasan fim shi ne ya riƙe zaren labarin a kansa yayin da ake tsinka shi, kuma ya iya sake yin abin da ya yi daidai wa daida ba tare da ya zama kamar hadda ba.

Kafin ranar ɗauka

Abu na farko shi ne ka nemi a ba ka rubutaccen labarin gaba ɗayansa, ka karanta shi tun daga bango har bango, ko da fitowa uku kacal gare ka a ciki. Na san cewa a wurare da yawa ba haka ake yi ba, sai an isa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, darakta zai ja mutum gefe ya ce masa ga abin da zai faɗa. Idan ka tarar da haka, ka roƙa cikin ladabi a bar ka ka duba takardun, in ma ba a ba ka ba, ka tambayi mataimakin darakta abin da ya faru a labarin kafin fitowarka da abin da zai biyo bayanta.

Dalilin wannan naci yana cikin yadda ake tsara aiki. Furodusa ba ya bin jerin labari, wuri yake bi. Idan an samu aron gida na kwana biyu, duk wata fitowa da ta faru a gidan nan a cikin kwana biyun za a ɗauke ta, saboda haka kana iya sakin matarka da hantsi, ka kawo ta ɗakinta tana amarya bayan Azahar, sa'an nan da yamma ka zo gaishe da surukai alhali a labarin ba a ma sa rana ba. Wanda bai san inda yake a cikin labarin ba zai shiga ɗakin amarya da fuskar da ya yi saki da ita. Maganin wannan shi ne ƙaramin littafi da za ka riƙa sawa a aljihu, inda za ka rubuta lambar kowace fitowa, da abin da ya faru gabaninta, da abin da mutumin da kake kwaikwayo ya sani a wannan lokaci da wanda bai sani ba tukuna, da tufafin da ke jikinsa. Wannan batu na abin da bai sani ba tukuna yana da muhimmanci ƙwarai, domin kai ka karanta ƙarshen labari, ka san cewa abokin nan naka shi ne zai ci amanarka, amma wanda kake kwaikwayo bai sani ba, kuma idan ka bari harara ta ɓullo a idonka tun a fitowa ta huɗu, ka tona wa mai kallo asirin da marubuci ya ɓoye sai ta arba'in.

Akwai wata tambaya da malamin wasan kwaikwayon nan na Rasha, Konstantin Stanislavski, wanda ya rasu a 1938, ya gina koyarwarsa a kanta, wato me wannan mutum yake so a wannan fitowa. Ba yadda yake ji ake fara tambaya ba, abin da yake nema daga wanda ke gabansa ake tambaya. Ɗauki misalin matar da mijinta ya shigo gida da tsakar dare ta ce masa, “Ka ci abinci?” Idan abin da take so shi ne su shirya bayan saɓanin da suka yi da safe, akwai yadda kalmomin za su fito. Idan so take ta gano ko ya biya gidan wadda yake nema, kalmomin ba su canza ba, amma idonta zai tsaya a kan fuskarsa yana jiran amsa. Idan kuwa so take ya san cewa ta daina damuwa da shi, za ta faɗa ne tana ci gaba da ninke kayan da ke hannunta. Ɗan wasan da ya ce a ransa “a nan zan nuna fushi” yakan ƙare da tsuke fuska da zare ido. Wanda ya ce “a nan ina so in sa ta ta janye maganarta” yana da aikin yi, kuma fushin zai zo da kansa.

Game da haddace magana, ka guji haddace ta da kari, irin yadda yaro yake rera karatun allo. Idan ka ɗora wa jimla wani sauti tun a gida, da wuya ka iya sauke shi idan darakta ya nemi wani salo dabam. Ka haddace kalmomin a miƙe, kana shara ko kana tafiya, har su zauna maka ba tare da tunani ba, kuma ka san ƙarshen maganar abokin wasanka kamar yadda ka san taka. Ka kuma tambayi kanka ɗan ina ne wannan mutum, domin Basakkwace yana cewa “gidanai” inda Bakano zai ce “gidansa”, kuma idan ka fara da wani karin harshe dole ne ka riƙe shi har ƙarshen fim. Haka nan al'adar bakin mutum tana daga cikin halinsa: dattijuwar ƙauye ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, ba kuma za ta kira mijinta da sunansa gatsau ba, ko da marubuci ya yi sakaci ya rubuta haka. Irin wannan gyara ana kai shi ga darakta tun kafin a kunna kyamara.

Sanin girman hoton da ake ɗauka

Kusan kowace fitowa ana ɗaukar ta ne aƙalla sau uku ta fuskoki dabam-dabam: ɗaukar nesa, wadda ke nuna ɗakin da duk waɗanda ke cikinsa, da ta tsakiya, wadda ke yanke mutum daga ƙugu ko ƙirji zuwa sama, da ta kusa, wadda fuska ce kaɗai a cikinta. Ba laifi ba ne ka tambayi mai ɗaukar hoto inda iyakarka take kafin a fara, hasali ma yakan ji daɗin ɗan wasan da ya yi wannan tambaya. A ɗaukar nesa jikinka ne yake magana, wato yadda ka shigo, da inda ka zaɓi zama, da tazarar da ka bari tsakaninka da mutane. A ta kusa kuwa, motsin da bai wuce na ɗaga gira ba ya isa, kuma girgiza kan da ya yi kyau a daɓe zai fitar da kai daga cikin hoton baki ɗaya. Ana ɗaukar fim ne da hoto 24 ko 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka hannun da ya gifta da sauri a ɗaukar kusa yakan zama dishi-dishi. Idan za ka kai kofi baki ko ka miƙa wasiƙa, ka ɗan rage saurin da ka saba.

Za a sa maka alama a ƙasa, ko da ɗan tef ko da tsakuwa, inda ake so ka tsaya. A kan wannan alama aka saita hasken fitila da kaifin hoto, kuma da irin gilasan kyamarar da ake yayi yanzu, masu dusashe bayan mutum, kauce wa alamar da taƙi ɗaya ya isa ya sa fuskarka ta dushe bangon bayanka ya fito tar. Wahalar ita ce ba a so a ga kana duban ƙasa kana neman ta. Dabarar da aka saba ita ce ka tsaya a kan alamar, ka ja da baya kana ƙirga takunka zuwa inda za ka faro, sa'an nan ka maimaita tafiyar sau biyu ko uku har ƙafarka ta gane. Idan akwai kujera ko gefen tabarma kusa da wurin, ka riƙe shi a wutsiyar idonka. Da ka tsaya, ka lura ko kana jin hasken a fuskarka, ka kuma tabbata inuwarka ba ta faɗa kan abokin wasanka ba.

Idan darakta ya hana ka komawa ɗaya gefen abokinka a tsakiyar fitowa, ba taurin kai yake yi ba. Akwai layin da ake ƙaddarawa tsakanin mutum biyu masu magana, kyamara tana zama a gefe guda nasa, don wanda ke duban dama ya ci gaba da duban dama, ɗayan kuma hagu. Idan aka tsallake layin, a allo sai a ga kamar dukansu biyu gefe ɗaya suke fuskanta, ba juna ba.

Ido da kunya

Kada ka dubi cikin gilashin kyamara sai an umarce ka. Abokin wasanka za ka duba, kuma a ɗaukar kusa ya fi kyau ka zaɓi idonsa ɗaya, wanda ya fi kusa da kyamara, ka tsaya a kansa, domin idon da ke tsalle daga wannan zuwa wancan yana nuna mutum kamar mara gaskiya. Yawan ƙifta ido shi ma yana rage wa magana nauyi, sai dai idan rawar da kake takawa ta mai tsoro ce ko mai ƙarya.

A nan ne ɗan wasan Hausa yake da wata matsala tasa ta kansa, wadda littattafan koyon wasa na ƙasashen waje ba su tanadar mata amsa ba. A al'adarmu yaro ba ya tsura wa mahaifinsa ido, amarya ba ta ɗaga kai gaban surukarta, talaka kuma a durƙushe yake magana gaban hakimi. Idan ka bi al'adar yadda take ka sunkuyar da kai gaba ɗaya, abin da kyamara za ta samu shi ne tsakiyar hularka ko ɗaurin ɗankwalinki, kuma duk abin da ke gudana a fuska ya tafi a banza. Idan kuma ka ɗaga kai ka kafe dattijo da ido, mai kallo zai ce yaron nan ba shi da tarbiyya, alhali labarin bai ce haka ba. Hanyar da ke tsakani ita ce ka saukar da ido ba tare da ka saukar da haɓa sosai ba, ka ajiye dubanka a wajen gwiwar wanda ke gabanka ko gefen shimfiɗarsa, ka ɗan karkata fuska zuwa inda haske yake. Sa'an nan ka zaɓi wuri ɗaya tak a cikin fitowar, wurin da magana ta fi zafi, ka ɗaga ido na ɗan lokaci ka mayar. Wannan ɗagawa guda ɗaya ta fi ihu tasiri, saboda mai kallo Bahaushe ya san abin da ake nufi idan ɗa ya ɗaga ido ya dubi ubansa.

Makamancin wannan shi ne batun taɓa jiki. Fina-finan da ke bi ta hannun Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba a nuna namiji da mace suna taɓa juna a cikinsu, ko da miji da mata suke kwaikwayo. Wasu suna kallon wannan a matsayin ƙunci kawai, ni kuwa ina ganin ya tilasta wa ɗan wasa ya koyi aiki da tazara. Mijin da ya saba zama a kujerar nesa, yau ya zo ya zauna a bakin tabarmar da matarsa take, ya riga ya ba da haƙuri kafin ya buɗe baki. Uwar da ɗanta ya dawo daga doguwar tafiya, ta tura masa kwanon ruwa gabansa tana kallon wani wuri don kada a ga idonta ya cika, ta faɗi abin da runguma za ta faɗa. Ka riƙa lura da yadda mutanen gidanku suke nuna ƙauna da fushi ba tare da sun furta ba, domin a can ne kayan aikinka suke, ba a kwaikwayon jaruman Indiya da muka tashi muna kallo ba.

Wajen shekarar 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji da ya kamata kowane ɗan wasa ya sani. Ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton gawa a cikin akwati, sa'an nan da hoton wata mace. Masu kallo suka yaba wa jarumin yadda ya nuna yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa, alhali fuska ɗaya ce ba ta canza ba. Abin da wannan ke koya maka shi ne cewa mai kallo da mai tace hoto, wato mai yanka hotunan da aka ɗauka yana haɗa su, suna ɗauke maka rabin aikin. Idan an riga an nuna gawar, ba sai ka yi birgima ba, ya isa ka tsaya ka yi tunanin abin da mutumin zai yi tunani. Haka batun kuka yake. Na sha ganin ana shafa man zafi a ƙasan ido ko a matso da albasa don hawaye su zubo, abin da ke jan ido ya kumbura har a kasa ɗaukar fitowa ta gaba, ga shi kuma hawayen suna zuba fuskar ba ta san dalili ba. Mutumin da yake ƙoƙarin danne kuka ya fi mai rusa shi taɓa zuciya, kuma mu a rayuwa ma dannewa muka fi yi.

Maimaita abu yadda aka yi shi

Tun da mai tace hoto zai yanko daga ɗaukar nesa ya liƙa da ta kusa, dole ne abin da hannunka yake yi a wannan ya dace da abin da yake yi a waccan. Idan a ɗaukar farko ka ajiye kofin shayi a daidai kalmar “gobe”, to a kowace ɗauka a kan “gobe” za ka ajiye shi, kuma da hannun da ka fara. Akwai ma'aikaci na musamman mai lura da wannan, wanda ake kira mai kwantiniti, amma idonsa biyu ne kacal, mutanen da ke cikin fitowa kuwa suna iya kai shida. Saboda haka ka taƙaita motsinka a ɗaukar farko zuwa abin da za ka iya tunawa, ka kuma sa wani ya ɗauke ka hoto da waya kafin a tafi hutu.

Na ga yadda rashin wannan ya ci mu a wani aiki da muka yi a wani gida a bayan gari. Fitowa ce ta uba yana yi wa ɗansa faɗa a zaure. Muka gama ɗaukar nesa dab da Azahar, aka tashi salla da cin abinci. Dattijon da ke fitowa a uban ya cire hularsa wajen alwala, da ya mayar sai karinta ya koma hagu maimakon dama, carbin da ke hannunsa na dama ya koma aljihu, hannun babbar rigarsa da ya saɓa a kafaɗa ɗaya ya zama a kafaɗa biyu. Babu wanda ya lura, har da ni da aka ɗora wa alhakin lura. A ɗaukar kusa ya yi wasan da ya sa duk wanda ke wurin ya yi tsit. Sai bayan mako uku mai tace hoto ya kira mu ya nuna mana hula tana tsalle daga dama zuwa hagu duk lokacin da ya yanka, carbi yana ɓacewa yana dawowa. Muka koma gidan muka tarar an yi masa sabon fenti an zuba 'yan haya. A ƙarshe da ɗaukar nesa kaɗai aka fitar da fitowar, wasan nan mai kyau kuwa babu wanda ya gan shi sai mu.

Tufafinmu suna da yawan irin waɗannan tarkuna: gefen da mayafi ya faɗa, tsayin ɗaurin ɗankwali, naɗin rawani da ko amawali ya rufe baki ko yana ƙasan haɓa, agogo, zobe, tabarau. Lalle yana dusashewa cikin kwanaki, saboda haka wadda ta fito da sabon ƙunshi ranar Litinin ta sani cewa ranar Asabar ba haka zai kasance ba. Idan fitowar cin abinci ce, kada yunwar lokeshan ta sa ka kai loma biyar a ɗaukar farko, domin sai ka kai biyar ɗin nan a kowace ɗauka, kuma tuwon da ya yi daɗi a ta farko azaba ne a ta takwas.

Murya da sauraro

Makirfo yana kusa da kai, ko a saman kanka a kan sanda ko a maƙale a cikin rigarka, don haka ka yi magana da ƙarfin da tazarar da ke tsakaninka da abokin wasanka take bukata, ba da ƙarfin da zai kai ga darakta ba. Rage murya ba yana nufin cinye ƙarshen kalmomi ba ne, musamman a harshen da tsawon wasali da karin sauti suke bambanta ma'ana. Idan an maƙala maka makirfo, ka sani cewa shadda mai sitaci tana ƙara duk lokacin da ka motsa, awarwaro suna kaɗawa, kuma dukan ƙirji don rantsuwa yana fita kamar an buga ganga. Ka kuma tuna cewa yana ji ko bayan an tsaya, saboda haka gulmar darakta ta jira sai an cire shi.

A ɗaukar kusa, ka bar ɗan sarari tsakanin ƙarshen maganar abokinka da farkon taka, sai fa idan darakta ya nemi ku haɗa baki, domin muryoyin da suka hau juna ba sa yankuwa. Idan aka ce “akshin”, ka ɗan ja numfashi kafin ka fara. Idan ka gama maganarka ta ƙarshe, ka ci gaba da zama a cikin halin da kake har ka ji “kot”. Ba aikinka ba ne tsayar da ɗauka: ko adaidaita sahu ta wuce, ko akuya ta yi kuka, ko harshenka ya sarƙe, ka koma farkon jimlar ka ci gaba, mai sauti da darakta su ne za su yanke hukunci. Idan an gama aka ce kowa ya yi shiru na minti ɗaya, sautin ɗakin ake ɗauka don cike giɓi wajen tacewa, kuma tari ɗaya yana sa a sake.

Sabon ɗan wasa yakan ɗauka cewa wasa yana farawa ne idan layinsa ya zo, sai ka ga fuskarsa a mace yayin da ake masa magana, leɓensa ma wani lokaci yana motsi yana bitar abin da zai faɗa. Mai tace hoto kuwa ya fi neman fuskar mai sauraro, domin a kanta ake ganin inda magana ta sauka. Ka saurari abokinka kamar yau ka fara jin abin da yake faɗa, ko da karo na tara ke nan. Idan kuma aka juya kyamara kansa kai kana bayanta, ka ba shi wasa cikakke kamar yadda ya ba ka. Ɗabi'ar da wasu manyan jarumai suka ɗauka, ta komawa mota da zarar an gama ɗaukar fuskarsu a bar yaron lokeshan yana karanta wa abokin wasansu layi daga takarda, rashin adalci ne, kuma ana ganin sakamakonsa a allo.

Koyo daga kallo

Duk mai wayar hannu yana da makaranta a aljihunsa. Ka zaɓi fitowa ɗaya daga fim ɗin da kake ganin an yi wasa mai kyau a cikinsa, ka kalle ta sau uku: da farko yadda kowa yake kallo, na biyu ka kashe sauti ka ga ko za ka gane wanda yake nema da wanda ake nema a wurinsa, na uku ka zuba wa wanda ba ya magana ido kaɗai. Bayan haka ka jingina wayarka a kan wani abu, ka ɗauki kanka kana yin magana guda a nesa, a tsakiya, da kusa. Karon farko ba za ka so abin da ka gani ba, domin ka saba da fuskarka ta madubi wadda take a juye, muryarka kuma ka saba jin ta ta cikin ƙashin kanka. Idan wannan baƙunta ta wuce, sai ka fara ganin ainihin abin gyara, kamar lasar leɓe kafin kowace jimla, ko kaɗa kai, ko hannun da bai san inda zai zauna ba. Idan ka samu dama ka shiga silima, ka shiga, don ka ga yadda fuska take zama idan ta kai tsayin bango, inda ƙaramin motsin ido yake isa kujerar ƙarshe. Mafi yawan masu kallonka dai a waya za su gan ka, ta YouTube, kuma ƙaramin allo shi ma ɗaukar kusa ya fi so. Wanda yake son karatu mai zurfi, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

Sauran abubuwan na zaman tare ne. Ka iso kafin lokacin da aka ba ka, ka zo da haƙurin jira, domin ana iya kiran ka ƙarfe takwas na safe ba a zo kanka ba sai bayan La'asar. Ka yi rajistar da hukuma da ƙungiyar 'yan fim suke bukata a jihar da kake aiki. Ku yi maganar kuɗin aikinka da furodusa tun kafin a fara, a rubuce in da hali, kuma duk wanda ya nemi ka biya shi kuɗi don ya sa ka a fim, ko ya kira mace gwaji a wurin da babu kowa sai shi, a yi nesa da shi. Idan darakta ya yi maka gyara, ka gwada yadda ya ce tukuna kafin ka kawo naka ra'ayin, kuma kada ka gyara wa abokin wasanka wasansa, wannan hurumin darakta ne. Ranar da aka ce an gama da kai, kada ka wuce wurin wanzami ka sauke gemu ko ka kyautar da rigar da ka fito da ita. Ka ninke kayan ka ajiye tare da hotunan da ka ɗauka da ɗan littafin nan naka har sai furodusa ya tabbatar maka an kammala tacewa, domin ana iya kiran ka a sake wata fitowa ko a sake ɗaukar muryarka a situdiyo, kuma idan fim mai dogon zango ne, kiran yana iya zuwa bayan wata shida.